Hoton da Za a Kai wa Shatu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a bayan randunan ruwa nake yinsa, inda ba mai neman mutum. Hausarmu ta Gadarif ta sha Larabci, in kun ci karo da kalmar da ba ku saba ji ba, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina jiran wani wanda ya fi ni baki ya ba da labarin aikin Khala Atika, wato Inna Atika, shiru, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

A shekarar da Kudancin Sudan ya rabu da mu ne, bayan an gama yankan riɗi. Ranar wata Laraba Zulaiha ta dawo daga makaranta, tana sanye da kayan makarantar nan masu zanen kakin soja, ta tarar da kakarta, Habboba Ummusalama, zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Tsohuwar ta riƙe wani sabon hoto, tana kai shi nesa, tana dawo da shi kusa da hanci. Sami, wan Zulaiha, yana tsaye a kanta, ƙaramar kyamararsa na lilo a wuyan hannu, yana jiran yabo.

"Wace ce wannan?" in ji Habboba.

"Ke ce mana, Habboba."

"Ni? Wannan mai tallar man shafawa a talabijin?"

"Wallahi ke ce. Ga mayafinki nan, ga carbinki."

"Mayafin nawa ne, na gane shi. Ina tsagata?"

Zulaiha ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Gaskiya Habboba ta faɗa. Fuskar da ke cikin hoton ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka, ta yi sumul kamar bayan faranti. Tsaga uku-uku da ke kumatun Habboba, da billen da ya sauko ta gefen hancinta, duk sun tafi, sai ɗan alama kamar an goge rubutu a allo.

Sami ya ce, "Kyamarar ce ke gyarawa da kanta. Ai taimakonki ta yi. Yanzu wa ke son tsaga? Kowa ya gani ya ce ga Fallata, baƙin Yamma."

"To ƙarya suka yi?" Habboba ta jefa masa hoton a ƙirji. "Kai wa uwar matarka in ka samu. Ni ba zan aika wa Shatu baƙuwa ba."

Shatu ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Habboba na da shekara tara iyayensu suka baro Ringim a ƙafa za su Makka. Shatu na fama da ƙyanda a lokacin, aka bar ta wurin gwaggonsu, a kan za a dawo. Guzuri ya ƙare a Gadarif, uban ya shiga yankan dawa a Gadambaliya, shekara ta bi shekara, ba a kai Makka ba, ba a koma Ringim ba. Fiye da shekara sittin ke nan. Wanzami ɗaya ya yi musu tsaga, rana ɗaya, kuma ita kaɗai ce abin da suka rabu da shi iri ɗaya.

Makon da ya wuce jikan Shatu ya bugo waya. Idonta na rufewa, likita ya ce watanni ne suka rage mata da gani. Ta ce ba murya take so ba, murya ta ji. Hoto take so, na takarda, wanda za ta riƙe ta kai kusa da idonta. Ga kuma Alhaji Mato, maƙwabcinsu mai fataucin ƙaro, zai hau motar Khartoum gobe da hantsi, daga can ya hau jirgin Kano. In ya tafi hannu wofi, ba a san wani mai tafiya ba sai bayan salla.

"Irin na da nake so," in ji Habboba, ta juya fuska ga bango. "In babu, a bari."

Zulaiha ta san wanda take nufi. Yana cikin akwatin ƙarfe, naɗe a tsohon ɗankwali. Kwafi biyu aka yi tun kafin a haifi Sami, aka aika ɗaya Ringim. A ciki Habboba na zaune gaban labule, fatarta launin man riɗi, tsagarta a fili, mayafinta fari amma mai ɗumi kamar madarar da aka tafasa. Kowa a gidan fuskar yake kallo. Zulaiha kuwa, da yake ba ta iya barin rubutu ya wuce ta, ko na jikin buhun sukari ne, ta daɗe da haddace hatimin da ke baya: Istudiyo Husain, kasuwar Gadarif, 1986.

Husain ya rasu, kowa ya sani. Amma matarsa Atika na nan, ita ke ɗaukar hoton bukukuwan mata tun da aka hana maza shiga inda amarya ke rawa. Zulaiha ta ɗauki tsohon hoton ta sa cikin littafinta mai shuɗin bango, ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Sau biyu tana juyawa a hanya. A ƙofar gidan ma sai da ta tsaya tana maimaita sallama a ranta.

Ta samu Khala Atika tana soya bunnin gahawa a kasko. Gajeriyar mace ce, an ɗaure hannun tabaranta da baƙin zare, ga murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha.

"'Yar gidan wa? Ɗaga murya, ya bitti, 'yata, kunnena ya sha kiɗan biki."

Zulaiha ta miƙa mata hoton. Khala Atika ta goge hannu a zane, ta karɓa ta gefe-gefe, ba ta taɓa fuskarsa ba. Ta tsura masa ido har gahawar ta fara ƙauri.

"Husain ne ya danna," ta ce. "Ni na riƙe farin ƙyalle daga nan gefen, don haske ya koma kuncinta. Tana da rai?"

"Tana nan. Irinsa take so. Gobe za a tafi da shi Nijeriya." Daga nan maganar ta zubo mata gaba ɗaya, da Shatu, da idon, da abin da kyamarar Sami ta yi.

"Fim ya ƙare a garin nan shekara huɗu ke nan," in ji Khala Atika. "Injin wankinsa na ƙarshe, masu gwangwan suka saye."

Zulaiha ta miƙa hannu za ta karɓi hoton ta tafi.

"Tsaya mana, ban gama ba. Da na sayi ta zamani, hoton farko da na ɗauka sai da na yi kuka. Komai tas, komai sanyi, amarya kamar an fito da ita daga firiji. Sai damina ta sauka. Kin san laƙar garin nan, mai cire wa mutum takalmi ta riƙe. Ba biki, ba fita. Na baje hotunan Husain a tabarma, na zauna da kyamarar nan wata uku muna gardama. In taɓa nan in ɗauka in gwada, in taɓa can. Maƙwabta suka ce takaba ta dawo mini. Ranar da aka fara yankan riɗi na ajiye nawa kusa da nasa, 'yata ta kasa gane wanne ne na ubanta." Ta sauke kaskon. "Ɗauko mini tob ɗina, lulluɓin nan da ke kan igiya. La'asar ta kusa, haske ba ya jiran kowa."

Da suka iso gida, Khala Atika ta durƙusa ta gaida Habboba, suka yi ta ambaton mutanen da suka mutu. Sami ya zo ya tsaya yana kallon jakarta.

"Ina taki kyamarar, ya Khala? Babba ce ko?"

"Tawa ta riga ta yi hankali. Kawo taka mu koya mata."

Ya miƙa yana murmushin wanda ya san ba za a iya ba. Ta ɗaga tabarau zuwa goshi, ta kai ƙaramin allon kusa da ido, babban yatsanta na yawo a kan maɓallai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Ga ɓarauniyar nan," ta ce, ta nuna masa wata alama, fuskar mace da tauraro a kunci. "Ita ke share fuska. A wurinta duk layin da ke jikin mutum datti ne." Ta kashe ta. Ta kashe fitilar da ke walƙawa. "Wannan kuma mari ce. Ba a marin tsohuwa da haske."

Ta sa Sami ya ja gadon zuwa bakin rumfa, ya dawo da shi baya kaɗan, ya sake karkata shi, har ya fara gunaguni. Ba ta bar shi ba sai da rana ta zo wa Habboba ta gefen hagu, ta kwanta a kuncinta. Sannan ta koma kan maɓallai, tana magana ba tare da ta ɗago ba. Zulaiha ta tsinci kanta ta buɗe bayan littafinta tana rubutawa.

Ta rage ƙarfin launi mataki ɗaya. Ta rage tazarar da ke tsakanin haske da duhu, don inuwar fim, in ji ta, ba ta rufe ƙofa, kana iya leƙa abin da ke ciki. Ta ɗaga wata lamba daga ɗari zuwa ɗari takwas.

"Zai yi tsaki-tsaki!" in ji Sami. "A littafin kyamarar an ce kar a yi haka da rana."

"Mai littafin ya taɓa ganin kakarka? Tsakin nake so. Dubi na da, kamar an watsa masa riɗi. Shi ke sa fata ta zama fata."

Da ta kai kaifin hoto ƙasa gaba ɗaya, Zulaiha ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Khala... in aka rage kaifi, tsagar ba za ta ɓace ba?"

Khala Atika ta ɗago ta dube ta sosai, karo na farko.

"Ashe kina da harshe. Tambaya ce mai kyau. Zo nan, tsaya inda nake. Me kike gani a kuncinta?"

Zulaiha ta duba. Kowace tsaga ta cika da 'yar siririyar inuwa, kamar kunyoyin gona da yamma.

"Inuwa ke fito da tsaga," in ji Khala Atika. "Kaifi gashin gira kawai yake ƙirgawa."

Saura abu biyu. Ta ce kyamara in ta ga farin mayafi tsorata take yi ta runtse ido, sai fuskar baƙin mutum ta tafi duhu, don haka ta ƙara mata haske da hannu, ta auna daga kuncin Habboba. Sannan ta waiga tana neman wani abu a tsakar gida. Ta dubi bokiti, ta dubi shanya. Idonta ya sauka a kan littafin Zulaiha.

"Ba ni wannan."

Zulaiha ta ƙanƙame littafin. A littafin nan take rubuta abubuwan da ba ta taɓa nuna wa kowa ba, rabin shafi, ta soke, ta sake. Sami na nan tsaye, in ya ji layi ɗaya, har ta mutu ba zai bar ta ba. Duk da haka ta miƙa.

Khala Atika ba ta buɗe ba. Ta riƙe shi a rufe cikin hasken, ta cika idon kyamarar da shuɗin bangon nan da ya koɗe, ta danna, ta mayar mata.

"Na gaya mata wannan shi ne fari," ta ce. "Ita kuma ba ta musu. Za ta ce, ashe duniya ta yi shuɗi da yawa, bari in ƙara ruwan zuma in daidaita. Sai komai ya yi ɗumi, irin na fim ɗin Husain. Da na yi ta neman takardar da ta dace, sai ga ta a hannun 'yar makaranta."

Habboba ta gyara mayafi, ta sandare, ta haɗe baki kamar mai jiran allura.

"Sau uku zan danna," in ji Khala Atika. "Ba mai leƙa allo. Da can hoto talatin da shida kawai fim ke ɗauka, kowanne sai ka yi tunani." Ta danna na farko, ta yi tsaki. Ta danna na biyu. Sai ta sauke kyamarar zuwa ƙirji kamar ta fasa.

"Hajiya, ranar da kuka baro gida, me Shatu ta ce miki?"

Habboba ta dube ta. Bakin ya saki.

"Ba ta ce komai ba. Cizo na ta yi." Ta ɗaga hannu ta nuna wuyan hannunta. "Nan. Don kar in tafi. Duk jikinta ƙuraje, amma haƙoran nan..." Dariya ta taso mata, idonta ya kawo ruwa, duka a lokaci ɗaya.

Ƙyas.

"Khalas," in ji Khala Atika. Ta zare katin daga kyamarar, ta tsallake hannun Sami da ya miƙo, ta danƙa wa Zulaiha. "Da asuba zan hau motar Doka, akwai biki. Ke za ki kai wanki. Na ukun, kwafi biyu. Ki saurare ni: mai shagon mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne abin tsoro. Zai ce zai gyara. Kar ki bari."

Washegari, a karo na farko tun da aka sa ta makaranta, aka buga ƙararrawa Zulaiha ba ta cikin layi. Tana shagon wanke hoto a kasuwa, a bayan maza kusan goma, yawancinsu leburorin gona da suka sauko daga Fashaga suna neman ƙananan hotuna na katin ɗan ƙasa. Da layi ya zo kanta, mai shagon ya sa katin a kwamfuta, ya karkata kai.

"Ya salam," ya ce da Larabci. "Wa ya ɓata muku hoto haka? Ya yi ja, ga tsaki. Kar ki damu, 'yata, yanzu zan gyara miki."

Ta buɗe baki. Wasu mazan sun cika layi a bayanta. Ba abin da ya fito. Ta ga hannunsa ya ja wani abu a allo, injin ya yi ƙugi, ya tofo takarda biyu. Ya sa a ambulan ya miƙa mata da fara'a.

Sai da ta kai bakin ƙofa ta leƙa ciki. Baƙuwar jiya ce ta dawo, fara, sumul, tana dariya da bakin Habboba. Agogon shagon ya nuna tara da kwata. Motar Alhaji Mato ƙarfe goma za ta tashi.

Ta tsaya a nan, masu raksha, keken nan mai ƙafa uku, na wucewa suna mata hon. Ta tuna wata tsohuwa a Ringim da ba ta taɓa gani ba, za ta kai takardar nan kusa da ido ta nemi layi uku ta rasa. Ƙafafunta suka juya da kansu.

"Ya ammu," ta ce, wato baffa. Bai ji ba. "Ya ammu! Ba ita ba ce."

Duk shagon aka juyo ana kallonta. Ta zaro tsohon hoton daga littafi ta ajiye a kan kanta, kusa da sabon.

"Irin wannan ake so. Yadda yake a katin, kar a taɓa komai. Da gangan aka yi."

"Da gangan? Wa ke son tsaki da gangan? Ga layi, 'yata, mutane na jira."

"Mu ba ma sauri," in ji wani dattijo daga baya, da Hausa, sannan ya maimaita da Larabci. Lebura ne, rawaninsa ya yi jar ƙasa, shi ma da tsaga a kumatu. Ya matso ya dubi hotunan biyu. "Yarinya ta fi ka gaskiya. Wannan mutum ce, wannan kuma sabulu. Nawa ma in ka zo kansa, ka bar mini fuskata yadda ubana ya ba ni."

Aka yi dariya. Mai shagon ya ɗaga hannu sama, shi ma yana dariya, ya koma ya warware duk abin da ya yi. Injin ya sake ƙugi. Da takardar ta fito bai sa ta a ambulan ba. Ya riƙe ta, ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya dawo ya ɗora ta kusa da ta 1986.

"Ina kuka samo fim?" ya ce a hankali.

"Ba fim ba ne. Khala Atika ce, matar Husain. Da kyamarar yayana."

"Matar Husain," ya maimaita, yana gyaɗa kai. Ya daɗe bai saki takardar ba.

Zulaiha ta isa tasha da gudu, abin da ba ta taɓa yi a titi ba. An riga an ɗaure kaya, yaran mota na buga jikin bas. Alhaji Mato na tsaye da ƙafa ɗaya a matakala. Habboba ta sa Sami ya kawo ta a raksha, wai sallama ta zo yi, amma idonta na kan hanya.

Zulaiha ta miƙa mata ambulan tana haki.

Habboba ta zaro hoton. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. Ga mayafin, fari mai ɗumi. Ga fatar, launin man riɗi, da ɗan tsaki a cikinta kamar tana numfashi. Ga hannun a ɗage, ga dariyar da hawayen. Ga layi uku a kowane kunci, ga billen, kowanne da inuwarsa. Ta ɗora yatsa a kan takardar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kai yatsan kuncinta.

"Na tsufa," ta ce.

Ta sake duban hoton.

"Amma ni ce. Ko da rabin ido za ta gane." Ta miƙa wa Alhaji Mato ɗaya. "Alhaji, ba a jaka ba. A aljihun ƙirji. Ka ce mata wurin cizon ne nake nuna mata."

Alhaji Mato ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce masha Allah, ya sa shi cikin fasfo ɗinsa. Mai shayin tasha ta taso ta leƙa kwafin da ya rage, ta kira wata, wata ta kira wata. Kafin bas ya ja, mata sun kewaye Habboba, hoton na yawo daga hannu zuwa hannu, ana tambayar wa ya ɗauka, a ina take, ko tana zuwa gida. Muryar Sami ta fi ta kowa tashi.

"Kyamarata ce fa! Wallahi da kyamarata aka ɗauka!"

Zulaiha ta ja baya taku ɗaya, ta ƙara wani. Ta rungume littafinta mai shuɗin bango, wanda yanzu a shafinsa na ƙarshe akwai lambobin Khala Atika, da wasu maganganunta da ba lambobi ba. Ta bi ta bayan wata lori mai lodin buhunan dawa, ta fita ta ƙaramar ƙofar tasha. In ta yi sauri, za ta samu darasi na uku.